Kwana uku ina gwada gilasan kyamara a bango ɗaya

Abin ya faro ne daga wani hoton biki da na ɗauka a unguwar Yelwa, nan Garwa, cikin watan Disamba. Mata 14 ne suka jeru da ankonsu, amarya a tsakiya. A bayan kyamara hoton ya yi kyau, a waya ma haka. Na kai labo aka wanke shi babba, santimita 30 da 45, na sa shi a firam na kai wa uwar amarya. Ta karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a gefen hagu ta ce, "Ɗan nan, yaya fuskar Yaya ta fito haka kamar an shafa wa takardar mai? Ga na wancan gefen, har kwallin idonsu ana gani."

Na duba, gaskiyarta. Mata ukun da ke hagu sun fito dishi-dishi, na dama kuwa tar. Yayar tata daga Ngawundare ta zo, kuma ta riga ta koma, babu damar sake ɗauka. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zan bincika." Ban yi barcin kirki ba a daren nan, domin hoton biki sau ɗaya ake yinsa, kuma amana ce aka ba ni.

Washegari na yanke shawarar sayen sabon gilashi. Mu a nan objektif muke ce masa, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce lens. Abokan sana'a kowa da nasa: wannan ya ce gilashin da ke zuwa tare da kyamara na 'yan koyo ne, wancan ya ce in nemi mai tsada ko da bashi. Kafin in taɓa 'yan kuɗin da na tara, na biya wajen maigidana, wanda ya koya mini aikin tun yana wanke fim a ɗakin duhu. Na nuna masa hoton. Ya sa tabarau ya kalla, ya ce, "Yaro, ba a sayen magani ba a san ciwo ba. Ka taɓa jera gilasanka ka gwada su a kan abu ɗaya?" Na ce, "A'a, Baba." Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gilashi a nannaɗe cikin ƙyalle, ya ce in haɗa da shi.

Kyamarata Canon 600D ce, wadda ta fito a 2011, mai megafiksel 18. Gilasai huɗu na tara. Na farko shi ne 18-55 da ya zo da ita, wanda da shi na ɗauki hoton bikin (lambobin tsawon gilashi ne a milimita: ƙaramar lamba tana ɗaukar fili mai faɗi, babba tana jawo nesa). Na biyu 50mm f/1.8 STM, samfurin 2015, wanda na saya hannu na biyu amma ban cika ɗora shi ba saboda ba ya jawowa, ba ya turawa. Na uku dogo ne, 70-300, na aro wajen wani abokina da ke ɗaukar 'yan ƙwallo a filin Rumde Ajiya. Na huɗu shi ne na Baba, Helios 44-2, 58mm f/2, ƙirar Tarayyar Sobiyet, irin wanda ke zuwa a kan kyamarar Zenit. Bakinsa na murɗawa ne, wanda ake kira M42, sai da zoben haɗi yake hawa kyamarata, kuma komai nasa da hannu ake yi.

Rana ta farko duk ta tafi a banza, ko da yake a cikinta na koyi yadda ake gwajin. Na manna shafukan jaridar Cameroon Tribune a bangon zaurenmu da salatif, na riƙe kyamara a hannu, na yi ta ɗauka ina canza gilashi. Da na zuba hotunan a kwamfuta sai na rasa abin da zan kwatanta. Wani an ɗauke shi rana na bugun bango, wani inuwa ta riga ta rufe. A wani rubutun ya fito manya, a wani ƙanana, domin ban matsa ba sa'ad da na canza gilashi. Wasu kuma hannuna ne ya girgiza. Na koma wurin Baba da yamma, ya zauna ya tsara mini, ni kuma na ƙara da abin da na sani na kyamarar zamani.

Dole komai ya tsaya cak, gilashi kaɗai ne zai canza. Na ɗora kyamara a kan ƙafa uku, na rataya jakata a tsakiya don ta ƙara nauyi. Na kashe maganin girgiza na gilashin 18-55, tunda babu hannu a kai. Na sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 100, na sa ta jira daƙiƙa 2 bayan na danna, don kada yatsana ya motsa ta. Na ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta taɓa ba, saboda idan JPEG ne kyamara takan yi wa hoto kwalliyarta, ta ƙara masa ƙarfin layi, sai ka zaci aikin gilashi ne. Saiti kuwa da hannu na yi shi, a allon baya, na kumbura hoton sau 10 ina murɗa zobe a hankali har harafin da ke tsakiya ya tsaya garau.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta madubi. Idan kyamara ta ɗan karkace daga bango, gefe ɗaya zai fi kusa da ita, sai ya fito dishi-dishi, ka ɗora wa gilashi laifin da ba nasa ba. Baba ya ce in manna ƙaramin madubi daidai tsakiyar jaridar, in yi ta gyara ƙafa uku har sai na ga bakin gilashina a tsakiyar madubin ta cikin kyamarar. In an samu haka, ita da bango sun fuskanci juna sak. Na ari madubin hodar ƙanwata, kuma abin ya ɗauke ni fiye da rubu'in awa kafin ya zauna.

Jarida kaɗai ba ta ishe ni ba, domin ba jarida nake ɗauka a biki ba. Na rataya babbar rigar shadda mai aiki a tsakiya, na manna takardar jaka goma ta sefa a kusurwa ɗaya saboda siraran layukan da ke jikinta, na sa hula ƙube a wata kusurwar. Na zaɓi ƙarfe 9 zuwa 10 na safe, a inuwar zaure inda haske ba ya tsalle.

Ga wanda bai saba ba: lambar f tana nuna girman ƙofar da haske ke bi cikin gilashi, kuma a juye take, ƙaramar lamba babbar ƙofa. A gilashin 50mm, f/1.8 ƙofa ce mai faɗin kusan milimita 28, f/8 kuwa kamar milimita 6. Kowane gilashi na bi da shi daga buɗewarsa ta ƙarshe zuwa f/22 (Helios a f/16 yake tsayawa), hoto ɗaya a kowane mataki, ƙanena yana rubuta lambar hoto da saitin a littafi. Na sa 18-55 a kan 50 don ya yi daidai da ɗan'uwansa, Helios kuma na ja baya kaɗan har jaridar ta cika hoton daidai gwargwado.

Da dare na buɗe su biyu-biyu a kwamfuta, kowanne a cikakken girmansa, ina duba tsakiya da kusurwoyi huɗu.

Na fara da 50mm, wanda kowa ke yabo. A f/1.8 ban ji daɗinsa ba. Ana karanta rubutun tsakiya, amma baƙin bai yi baƙi wuluk ba, kamar an yayyafa masa toka, kusurwoyi kuma sun yi duhu, sun yi laushi. A inda farin zare ya haɗu da shuɗin shadda, wani siririn layi mai launin makuba ya kewaye shi. A f/2.8 tokar ta washe. A f/4 da f/5.6 sai na gyara zama: ana ƙirga zaren aikin rigar ɗaya bayan ɗaya, ƙananan layukan takardar kuɗin sun rabu da juna, daga tsakiya har kusurwa. Ashe duk lokacin da na ɗora shi a f/1.8 nake barinsa, don in samu baya ya narke, wato ina amfani da shi a inda ya fi rauni. Wannan ba aibinsa ba ne shi kaɗai. Hasken da ya bi ta gefen gilashi ba ya taruwa daidai inda na tsakiya ke taruwa, shi ya sa kusan kowane gilashi yakan gyaru in an rage ƙofarsa mataki biyu ko uku.

Na zaci in haka ne, ƙara matse ƙofa zai ƙara kyau. Ba haka ba ne. A f/11 hoton ya fara sanyi kaɗan, a f/16 ana gani, a f/22 kuwa duka gilasan ukun da suka kai can sun zama kusan ɗaya wajen laushi. Haske in aka tilasta masa bin ƙaramin rami yakan bazu, kamar ruwan da ya fito ta tsaga, kuma babu tsadar gilashi da ke hana wannan. Abin da f/22 ya nuna mini da kyau shi ne ƙurar da ke kan sensata, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ɗigo bakwai na ƙirga. Wanda ke canza gilashi a Garwa lokacin hunturu ya san inda ta fito.

Sai 18-55. A kan 50, ƙofarsa ba ta wuce f/5.6, wato hasken da yake sha ya gaza na 50mm a f/1.8 kusan ninki 10. Wannan babban bambanci ne a ɗakin amarya da dare. Amma a f/8, a tsakiyar hoto, sai da na kumbura sosai kafin na bambanta shi da 50mm. Gefen dama ma ba laifi. Da na gangara hagu sai ga abin da Hajiya ta gani: haruffa sun jawu gefe guda kamar an shafa hannu a kan tawada kafin ta bushe. A f/5.6 abin ya yi muni, a f/8 ya ragu, a f/11 bai tafi duka ba.

Da safe na sake duba madubi, komai daidai. Sai na yi abin da Baba ya faɗa mini: na juya kyamarar ƙasa a sama, na sake saitawa na ɗauka. In bango ne ya karkace, dishin zai zauna a ɓangaren bangon da yake. In gilashi ne, zai bi kyamara ya koma ɗaya ɓangaren. Ya bi kyamara. Nan na tuna ranar da jakata ta zame daga kan babur a hanyar Pitowa, watanni biyu kafin bikin. Na duba a lokacin ban ga tsaga ba, na ci gaba da aiki. A cikin irin wannan gilashi akwai ƙananan gilasai fiye da goma a jere, kuma dole cibiyarsu ta zama ɗaya. Faɗuwar ta goce da ɗaya daga ciki. A ƙananan hotuna ba a gani, shi ya sa na yi wata biyu ban lura ba. Laifin nawa ne, da na gwada shi tun ranar da ya faɗi, da hoton Hajiya bai lalace ba.

Na ɗan duba shi a 18 kuma. Layin ƙofar zaure ya fito da ciki kamar ganga, wanda yake a gefe kuma yakan yi faɗi fiye da yadda yake. Kwamfuta tana miƙe layin da dannawa ɗaya, amma wannan dannawar ba ta gyara faɗin fuskar gefe, gara a bar fili a gefuna tun wajen ɗauka.

Rana ta uku na fita da dogon gilashin bakin Binuwai. A bango ya nuna halinsa: daga 70 zuwa 200 lafiya lau, musamman a f/8, a 300 kuwa ya yi laushi, da layin makuba a gefen fararen abubuwa. Na so in ga yadda zai yi da nesa, sai na auna gada da tsakar rana. Hoton ya fito kamar ta cikin ruwa, ƙarafunan gadar suna lanƙwashewa. Har na fara zargin gilashin, sai na ɗora 50mm na ga shi ma bai fito da nesa garau ba. Hazo ne a sama, ga hucin da ke tashi daga yashi yana karkaɗa iska. Na dawo washegari bayan asuba, iska na da sanyi, hoton ya fi na jiya nesa ba kusa ba, da gilashi ɗaya, da saiti ɗaya. Gwajin nesa a garin nan sai da sassafe, in da hali ma a bari sai damina ta wanke sama. Na kuma gane abin da ke damun abokina a filin ƙwallo. Sensar kyamarorinmu ƙarama ce, tana ninka tsawon gilashi sau 1.6, don haka 300 yana zama kamar 480. In a hannu ne, ƙiftawar kyamara (lokacin da take buɗewa haske ya shiga) da saurinta ya gaza 1/500 na daƙiƙa tana iya kawo girgiza, shi kuwa yakan bar ta a 1/125 in yamma ta yi.

Akwai kuma wani siririn gilashin kariya mai araha da ke bakin dogon. Na ɗauki hoto da shi, na cire na sake. Idan rana tana baya, bambancin kaɗan ne. Da na fuskanci wajen haske, mai kariyar ya yi fari-fari da wani koren tabo a tsakiya. Ban ce a jefar da shi ba, a ƙurarmu yana da amfani, amma in za a ɗauki masu riƙe da fitila ko a fuskanci rana, a cire shi.

Helios na bari ƙarshe, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. A gwajin bango shi ne na baya in an buɗe shi: tsakiya mai kyau a f/2, gefuna sun narke, da rana ta taɓa bakinsa kuma hoton duka ya yi fari. Da lamba kaɗai za a bi, da na mayar wa Baba abinsa. Amma da la'asar na zaunar da ƙanwata a ƙarƙashin darbejiya, hannunta da lalle, na ɗauke ta da shi da kuma 50mm, duka a f/2. Na 50mm ya fi fito da zanen lallen. Na Helios kuwa ganyen da ke bayanta ya juya kamar guguwa yana kewaye ta, fatarta ta yi taushi, idonta tar a tsakiya. Tsarinsa an ɗauko shi ne daga wani tsohon gilashin Jamus mai suna Biotar, na kamfanin Carl Zeiss, kuma wannan juyawar ta baya an san shi da ita. Da na nuna mata biyun, ko jinkiri ba ta yi ba ta zaɓi na Helios.

A wannan zaman na auna wani abu da tef ɗin tela. Da 50mm a f/1.8, daga mita 2, zurfin wurin da ke fitowa garau bai wuce santimita 11 ba, ko taƙi ɗaya bai kai ba. In ango ya ɗan tsaya bayan amarya, ɗayansu zai yi dishi, kuma gilashin lafiyarsa ƙalau. A f/5.6 zurfin yana kaiwa kamar santimita 34. Yawancin hotunan da na riƙa zubarwa ina cewa kyamara ta kuskure saiti, wannan ne dalilinsu.

Gwaji na ƙarshe a takarda na yi shi, tunda takarda nake sayarwa. Na zaɓi hoton rigar daga 50mm da na 18-55, duka a f/8, na wanke kowanne ƙarami, 10 da 15, da babba, 30 da 45. Na baje su a tabarma ba tare da na faɗi wanne ne wanne ba. A ƙananan, daga mahaifiyata har ƙannena babu wanda ya ga bambanci, ni ma sai da na juya baya na duba alamar da na yi. Dalilin a fili yake: hoton kyamarata yana da ɗigo 5184 a tsawo da 3456 a faɗi, ƙaramar takarda kuwa kimanin megafiksel 2 ya ishe ta. Wanda aka tura ta WhatsApp ma ana matse shi, sai in an aika shi a matsayin fayil, wato "document". A manyan kuwa, Inna ta nuna gefen hagu nan take ta ce, "Wannan kamar ido mai yana." Babba yana cinye kusan dukkan ɗigon da kyamara ke da su, ba ya ɓoye komai.

Na so in ce daga yau 50mm kaɗai zan riƙa ɗorawa, amma lissafi bai ba da haka ba. A kyamarata yana gani kamar 80mm. Don in haɗa layin mata mai faɗin mita 4, sai na ja baya kusan mita 9, kuma tsakar gida nawa ne a Yelwa ke da wannan fili ranar biki, ga tukwane ga kujeru? Don haka ban sayi mai tsadar da aka ce ba. Na nemi wani 18-55 hannu na biyu. Na tafi shagon da ƙafa uku da jarida da madubin ƙanwata. Mai shagon ya yi mamaki, amma ya ba ni bango. Guda biyu yake da su, na gwada duka a 18 da 35 da 55, na duba kusurwoyi huɗu a allon baya, na ɗauki wanda gefunansa suka yi daidai da juna. Sauran kuɗin na ajiye, ina tara wa 24mm f/2.8, wanda zai haɗa wannan layin daga mita 4 da 'yan kai. A jikin murfin kowane gilashi na manna 'yar takarda: 50mm, f/2.8 ga mutum ɗaya, f/5.6 ga biyu. 18-55, f/8 ga taro.

Da na mayar wa Baba Helios, ya ture hannuna ya ce, "Riƙe, yaro. Idona ya daina saita shi." Na durƙusa na yi godiya.

Hoton Hajiya kuwa, na koma cikin katin bikin na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na samu wani da na ɗauka da rana, ita da yayarta su biyu a bakin ƙofa, dukansu a tsakiyar hoto inda gilashin bai sami rauni ba. Na wanke shi 30 da 45, na sa a firam, na kai mata ban karɓi ko dala ba, na kuma gaya mata gaskiyar abin da ya faru da na farkon. Ta riƙe shi kusa da fuskarta, ta nisanta, ta ce, "Yauwa, ga Yaya nan. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Ta kira jikanta ta ce ya ɗauko ƙusa.